Kunnen Doki Iri Biyu Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, don yau akwai bashin amsa a wuyana. Tun da na fara kawo wa jama'a labarin darar sarki a wannan shafi, ban sami takardar da ta sa ni dogon tunani kamar ta wani malamin makaranta ba, wadda ta iso ni makon jiya. Ya ce ya ji labari manyan gwanayen wannan dara su kan zauna sa'a biyar suna fuskantar juna, wani sa'i har a kwana a tashi da wasa guda, daga bisani a ce wai an yi kunnen doki, kowa ya kama gabansa. Ya ce shi a ganinsa in ba ragwanci ba ne, to, tsoron juna ne, in kuwa ba tsoro ba ne, to, haɗa baki ne. Ya rufe takardarsa da tambaya, ya ce, in mutum bai ci ba, ba a kuma cinye shi ba, me aka yi ke nan?

Malam, na gode da wannan tambaya, ba kuwa zan ce ka kauce gaba ɗaya ba, don rabin maganarka gaskiya ce. Amma kunnen doki iri biyu ne. An yi dace kuwa duka biyun sun auku cikin shekara guda, watau 1962, har ma akwai mutanen da su ke cikin labarin nan da wancan. Bari in ba ka su ɗaya bayan ɗaya, kai da kanka ka yi hukunci.

Kafin nan, saboda waɗanda ba su sami karanta takarduna na baya ba, sai in sake bayyana darar a taƙaice. Ita ce wadda malamai su ke gamuwa da sunanta cikin littattafan Larabci, shaɗaranji. Daga ƙasar Hindu ta fito, ta biyo ta Farisa, ta shiga ƙasashen Larabawa, sa'an nan ta haye Turai. Ko a Barno an taɓa yin irinta, ana ce da ita tsatsarandi. Ta sha bamban da darar nan tamu ta gurbi, wadda in ka jera uku ka ci ɗaya. Ita allo a ke shimfiɗawa mai gida 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 16, na ɗaya farare na ɗaya baƙaƙe: sarki, da sarauniya, da hasumiya biyu, da giwa biyu, da doki biyu, da dakaru takwas, kowane iri da irin tafiyarsa. Mai farare ya ke fara motsawa, mai baƙaƙe ya mayar, wannan shi a ke lissafawa taku ɗaya. Wanda ya tsare sarkin abokin karawarsa har ya rasa mafita shi ya ci. Abu guda na ke so a riƙe da kyau, don a kansa labarin yau ya ke tafe. Dakare shi ne mafi ƙanƙanta cikin 'ya'yan, amma in ya ratsa allo ya kai layin ƙarshe, sai a naɗa shi sarauniya, wadda ta fi kowa ƙarfi. Saboda haka tsakanin gwanaye rarar dakare guda ta kan isa ta kashe wasa.

A wurin gasa wanda ya ci yana da maki ɗaya, wanda aka cinye ba shi da kome, in an yi kunnen doki kowa ya ɗauki rabi. Hanyoyin kunnen doki kuwa sanannu ne. Akwai inda 'ya'yan da suka rage ba su isa tsare sarki ba. Akwai inda aka maimaita zama iri ɗaya har sau uku. Akwai inda aka yi taku hamsin ba a ci kome ba, ba a kuma motsa dakare ba. Akwai inda mutum ya rasa abin da zai motsa alhali ba a kai wa sarkinsa hari ba. Ta ƙarshe ita ce mai ta da ƙura, watau ɗaya ya ce wa ɗaya mu bar shi haka, shi kuwa ya yarda, su yi musafaha su tashi. Ta wannan ƙofa mai gaskiya da mai maguɗi duk su ke fita, shi ya sa na waje ba ya iya rarrabe su sai ya zauna ya duba wasan kansa.

To, a wancan zamani sarautar dara ta duniya tana hannun Tarayyar Sobiyet tun 1948, watau Rasha da ƙasashen da su ke tare da ita kafin tarayyar ta wargaje a 1991. Gwamnatinsu ta ɗauki dara babban al'amari, tana yi wa gwanayenta albashi, tana kuwa ganin nasararsu nasarar ƙasa ce. Mai riƙe da sarautar shi ne Mikhail Botvinnik, wanda aka haifa a 1911, injiniyan lantarki ne, mutum mai tsari ƙwarai, wanda ya kan shafe watanni yana shirin wasa a gida kamar mai shirin jarrabawa. Ya hau a 1948. Sau biyu ana tuɓe shi, a 1957 da 1960, sau biyu kuma yana komowa da zagayowar shekara ya karɓe abinsa.

A ɗaya gefen kuma ga wani yaro ɗan Amurka, Bobby Fischer, haihuwar 1943. Yana da shekara 14 ya zama zakaran ƙasarsa, yana da 15 ya sami lambar babban gwani na duniya. A farkon 1962 aka yi wata gasa ta mutum 23 a babban birnin Suwidin, ya zo na ɗaya, ba wanda ya ci shi ko sau ɗaya. Daga nan ya sa a ransa sarauta ta zo, abin da ya rage kaɗan ne.

Ga labarin kunnen doki na fari. Cikin watan Mayu da Yuni na shekarar aka tara mutum takwas a wani tsibiri na ƙasar Holan da a ke kira Kurasawo, can daura da Amurka ta Kudu, don a fid da wanda zai kara da Botvinnik. Biyar daga cikinsu 'yan Sobiyet ne. An shirya kowa ya kara da kowa sau huɗu. Uku daga cikin biyar ɗin, Petrosian da Keres da Geller, sun yi wasa 12 tsakaninsu, duka 12 kuwa kunnen doki, in an daidaita tsawonsu kowane wasa taku 19 ne. Dubi dai, Malam, manyan gwanaye uku, kowa yana neman kujera guda, amma in sun haɗu da juna sai su ɗan taɓa, allo yana cike da 'ya'ya, su miƙa hannu su tafi su huta. Amfanin haka a bayyane ya ke. Gasa ce ta kusan wata biyu a ƙasa mai zafi, wanda ya sami ranakun hutu ya fi wanda ke kokawa kullum sauran ƙarfi. Petrosian ya zo na ɗaya da maki 17 da rabi, Keres da Geller suna biye da 17 kowa, Fischer na huɗu da 14.

Da yaron ya koma gida bai yi shiru ba. Cikin watan Agusta ya rubuta a wata mujallar wasanni ta ƙasarsu, ya ce an haɗa masa baki. Wasu suka ce kukan wanda aka kayar ne. Amma bayan shekaru masu yawa shugaban ayarin Sobiyet na Kurasawo da bakinsa ya amsa an yi wannan yarjejeniya. Hukumar dara ta duniya ita ma ba ta jira ba, ta sake tsari, daga 1965 aka koma karawa mutum biyu biyu, wanda aka kayar ya fita, don kada a sake samun kafar irin wannan. Sai dai in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Fischer wasansa biyu na farko a tsibirin duk an cinye shi, tazarar da aka ba shi kuwa maki uku da rabi ce. Yarjejeniyar ta cuce shi, amma shi ma a lokacin bai nuna ba tukuna.

Wannan shi ne kunnen dokin da ka ke zargi, Malam, ni ma ba ni da abin da zan kare shi da shi. An ba 'yan kallo sunan wasa, an hana su wasan.

Yanzu ga na biyu. Bayan wata uku, daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, aka yi babbar gasar ƙasashen duniya kusa da garin Varna na ƙasar Bulgariya, a bakin Bahar Aswad. Ƙasa 37 suka zo. In ƙasa biyu za su kara, kowace ta zaunar da mutum huɗu, babba da babba, na biyu da na biyu, har zuwa na huɗu. Ayarin Sobiyet mutum shida ne, Botvinnik da Petrosian da Spassky da Keres da Geller da Tal, huɗu daga cikinsu ko sun riƙe sarautar duniya ko za su riƙe ta nan gaba. Sai a tuna kuma zamanin cacar baki ne tsakanin Amurka da Rasha, kwana kaɗan bayan an tashi daga Varna aka shiga rikicin makaman Kyuba wanda ya girgiza duniya. Saboda haka ranar da ƙasashen biyu suka haɗu, aka ga tsoho mai shekara 51 da yaro mai shekara 19 sun zauna allo guda, kowa ya san abin da ke bisa allon ya wuce rabin maki ko maki ɗaya. Yaron ya riga ya ce ya fi su duka, haɗin baki ne kaɗai ya tare shi. Ga ranar da zai nuna.

Botvinnik ke da farare. Ya bi wata hanyar buɗe wasa wadda ya tsara a gida tun yana shirin karawarsa da Smyslov ta 1958, ya ajiye ta kamar takobi cikin kube, yana jiran ranar zarewa. Har taku na 16 kome yana tafiya yadda ya rubuta a littafinsa. A nan dokin Fischer ya auna sarauniyar Botvinnik. Maimakon tsohon ya janye ta, sai ya tura dakare ya auna sarauniyar Fischer, yana lissafin duk inda yaron ya kai ta zai sha wuya. Sai yaron ya yi abin da bai shiga lissafin ba. A taku na 17 ya ɗauki sarauniyarsa ya ci wani dakare wanda giwar Botvinnik ke tsaro, kamar mai jefa kansa cikin wuta. Botvinnik ya ci sarauniyar da giwa, Fischer kuma ya ci tasa da doki. Ashe dabarar ita ce, tun da sarauniyoyin nan biyu duk za su faɗi, bari tasa ta tafi da ganima. Da ƙura ta lafa aka ƙirga, sai ga Fischer da rarar dakare guda. Mu kan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. A ranar nan kam abin da babba ya yi shekara huɗu yana ajiye da shi, yaro ya gano ɓarakarsa yana zaune bisa kujera, agogo yana tafiya.

Daga nan tsohon ya shiga kare kai. Aka yi ta musayar 'ya'ya, allo yana raguwa, rarar nan tana hannun yaro. A taku na 41 Fischer ya yi garaje, ya ba da dokinsa a bakin giwar Botvinnik. Masana sun ce dokin nan ya fi giwar amfani a wannan zama, da ya riƙe shi da ya fi matsa wa tsohon. Bayan musayar kowa ya rage da sarki da hasumiya guda, Fischer da dakaru huɗu, Botvinnik da uku. Sanannen abu ne ga masu dara, in wasa ya koma hasumiya da hasumiya, wanda ke baya ya fi samun kafar tsira, don hasumiya tana tafiya mai nisa, tana iya damun sarki ta baya ko ta gefe ba fasawa.

Bisa al'adar wancan zamani, kowane ɗan wasa yana da sa'a biyu da rabi ya yi taku 40. In an cika sa'a biyar ba a gama ba, sai a ɗage wasa zuwa wata rana. Wanda motsi ya faɗo kansa ba ya yi bisa allo, sai ya rubuta a takarda a asirce, a sa cikin ambulan a liƙe, a ba alƙalin wasa ya ajiye. Hikimar haka ita ce kada ɗaya ya kwana yana tunani alhali ya san ainihin abin da ke gabansa, ɗayan kuwa bai sani ba. A taku na 45 aka ɗage, Fischer ya liƙe motsinsa. Kusan duk wanda ya ga allon a daren nan ya ɗauka an gama da sarkin dara.

Ni kaina, Malam, na shimfiɗa wannan zama bisa allona, ni da wani abokina tsohon akawu da mu ke bugawa da yamma, ban gaya masa yadda aka ƙare ba. Na ce ga farare, ka cece su. Abin da ya fara yi shi ne abin da ni ma na fara yi ranar da na fara ganin wasan, watau ya kai hasumiya ta tsare dakaren da ke cikin haɗari a gefen allo. Kowa haka zai yi, don wanda a ke bi bashin dakare ɗaya ba ya son ya zama biyu. Amma duk yadda muka juya, hasumiyar da ta zama mai gadi sai ta daskare wuri guda, sarkin baƙaƙe ya yi ta matsowa sannu sannu har a ci wasan.

A Varna ma haka aka yi ta fama. 'Yan'uwan Botvinnik suka taru a masauki bisa allo har dare ya raba, doka kuwa ba ta hana haka ba a lokacin. Wanda ya gano mafita shi ne Geller, ɗaya daga cikin mutum ukun nan na Kurasawo. Shawararsa ta saɓa wa abin da a ke koya wa ɗalibai. Ya ce a bar dakaren nan a ci shi, hasumiya ta tsallaka ɗaya gefen ta ci wani a madadinsa. In an yi haka Fischer zai sami dakaru biyu kafaɗa da kafaɗa, ba kowa a gabansu har layin ƙarshe, abin da kowane mai dara ya ke tsoro kamar mutuwa. Amma Geller ya lura kafin tagwayen nan su yi nisa, hasumiyar farare da ɗan dakarenta na gefe za su ta da fitinar da ta isa ta hana sarkin baƙaƙe sakewa. Botvinnik ya karɓi shawarar, ya bi ta reshe reshe har ya haddace.

Da aka koma aka buɗe ambulan, wasa ya bi hanyar da aka zata. Fischer yana da tabbacin ya ci. A taku na 51 ya tura ɗaya daga cikin tagwayen gaba, ya tsaya layi ɗaya da sarkinsa. Nan da nan Botvinnik ya tura dakarensa na gefe cikin bakin dakaren Fischer, kyauta. Da yaron ya ci, sai gidan da dakaren nasa ya ke tsaro ya buɗe. Hasumiyar Botvinnik ta sauka nan, ta kai wa sarki hari ta gefe, da sarki ya kauce sai ta wuce ta cinye dakaren da ke bayansa cikin layin. Tagwaye sun rabu ke nan. Fischer ya rage da dakaru biyu, ɗaya a wannan bakin allo ɗaya a wancan, su ne kuwa mafiya wuyar kaiwa gaci, don sarki ba shi da wurin fakewa a gefensu. Bai yarda ba duk da haka, ya yi ta gwadawa har taku na 68. Sa'an nan aka yi musafaha. 'Ya'ya bakwai kaɗai suka rage bisa allo cikin 32. Gaskiyar masu iya magana, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Tarayyar Sobiyet ta ci gasar, Yugoslabiya ta biyu, Ajantina ta uku, Amurka ta huɗu. Mutanen nan biyu kuwa ba su sake zama allo guda a wata gasa ba har abada. Botvinnik ya rasa sarauta a hannun Petrosian a 1963. An yi ƙoƙarin haɗa shi da Fischer a ƙasar Holan a 1970, abin bai yiwu ba, a shekarar kuma ya bar gasa. Fischer ya hau sarauta a 1972 da ya ka da Spassky. Saboda haka duk abin da ke tsakanin sarakunan nan biyu a tarihi shi ne wasan nan guda, rabi da rabi.

Ka ce me aka yi ke nan? Ga abin da aka yi. An tashi daga allo amma gardama ba ta mutu ba. A 1969 Fischer ya fid da littafi na wasanninsa 60 da ya ce ba ya mantawa da su, ya sa wannan a ciki. Abin lura, cikin 60 ɗin nan tara kunnen doki ne, uku ma cinye shi aka yi, ka ga ke nan shi kansa bai ɗauki nasara kaɗai abin tunawa ba. A littafin ya kawo dogon lissafi, ya ce da a taku na 51 sarki ya matsar maimakon dakare, da ya ci. Botvinnik bai yarda ba. A lokacin yana da makarantar koya wa yara masu hazaƙa dara, sai ya ba ɗalibansa lissafin Fischer su bincika. Wani yaro mai shekara 13 ya gano wata hanya mai tsabta wadda farare za su tsira ko da an bi ta inda Fischer ya ce. Sunan yaron Garry Kasparov, wanda ba a ma haife shi ba ranar da aka yi wasan, don haihuwar 1963 ne, shi ne kuma ya zama sarkin dara na duniya a 1985. Wasan da sarakunan dara uku suka yi ta tonawa shekara da shekaru, ai ba a ce ba a yi kome ba a cikinsa.

Na san za ka ce, to, ai wannan ma taron dangi ne, gwanaye sun taru a kan yaro guda. Ni ma abin ya daɗe yana sukana, ba zan ɓoye maka ba. In na tuna yaro mai shekara 19 ya rushe shirin sarkin dara da kansa a gaban jama'a, sa'an nan dare ɗaya ya ƙwace masa abin da ya tara, sai tausayinsa ya kama ni. Amma da na auna sai na ga bambanci a fili. A Kurasawo an haɗa kai don kada a yi wasa. A Varna an haɗa kai don a gano gaskiyar abin da ke bisa allo, bisa dokar da ta ba kowane ayari wannan dama, shi ma Fischer yana da abokan tafiya. Geller bai ƙara wa Botvinnik ko dakare guda ba. Mafitar tana nan tun da fari, ido ne bai kai gare ta ba. Kurakuran taku na 41 da na 51 kuwa ba wanda ya riƙe hannun yaron ya yi su. Al'adar ɗage wasan ma yanzu ta zama labari, an bar ta cikin shekarun 1990, don kwamfuta ta yi ƙarfin da in an ba mutum dare guda, na'ura ce za ta yi masa wasan. Yau in an zauna sai an gama a ke tashi.

Masu shirya gasa su ma sun ji irin kukanka. A 2005 aka yi wata babbar gasa a Sofiya, babban birnin ita Bulgariyar, aka hana 'yan wasa yi wa juna tayin kunnen doki kai tsaye, sai ta hannun alƙali, in ya tabbata wasan ya ƙare da gaske. Wasu gasa kuma su kan hana tayin kafin taku na 30. Wannan ya rage irin na Kurasawo. Irin na Varna kuwa ba dokar da za ta hana shi, ba kuwa mai son a hana, don in gwani ya gamu da gwani, kowa ya toshe ƙofar da ɗan'uwansa ya buɗe, inda wasan zai ƙare ke nan.

Ni abin da ya fi taɓa ni cikin labarin nan ba na yaron ba ne, na tsohon ne. Ina saurayi na taɓa zama a wata 'yar gasa ta ma'aikata, aka ci mini dakare guda tun da wuri, kunya ta kama ni, na kwantar da sarkina na tashi, ina ganin ci gaba da wasa zubar da girma ne. Bayan an watse wani dattijo ya mayar da 'ya'yan yadda su ke, ya nuna mini hasumiyata tana da aikin sa'a biyu a gabanta, da wuya kuwa a ci ni. Rabin makin da na yar ran nan har yau ina jin zafinsa. Botvinnik yana sarkin duniya, yaro ya kunyata shirinsa a gaban taro, bai yi fushi ya tashi ba, bai kuma ji nauyin karɓar shawara daga wanda ke ƙasa da shi da shekara 14 ba. Ya haƙura ya yi taku 51 bayan an ci masa dakaren, yana neman rabin maki kawai. Da babu gara ba daɗi, in ji Hausawa, amma wannan rabin ya fi wani cikakken maki tsada.

Saboda haka, Malam, in ka sake jin an ce gwanaye sun yi kunnen doki, kada ka yi saurin yabo ko zargi. Ka tambaya taku nawa aka yi, 'ya'ya nawa suka rage bisa allo, akwai kuma abin da ya saura wanda mai neman ci zai iya gwadawa bai gwada ba? In an ce maka taku 19 ne allo yana cike, ka riƙe zarginka, ina tare da kai. In an ce maka 68 ne, an kwana an tashi, an side tukunya har ƙasa, to, ka nemi wasan ka shimfiɗa wa ɗalibanka. Ka tsaya a taku na 45 ka ba su farare, ka ce su ceci sarki. In akwai wanda ya yarda a ci dakaren nan na gefe ba tare da an gaya masa ba, ina roƙonka ka rubuto mini ta hannun Edita, don irin wannan yaro bai kamata a bar shi ya ɓace ba.

A gai da masu karatu duka. Wasalam.

Naku,
Mai Kallon Dara